Me ya sa guguwar teku ke yin shiru, sannan ta ɓarke gaba ɗaya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina bin labaran guguwar teku ne saboda ƙanena yana karatu a jihar Fulorida ta Amurka. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, sai a yi makonni ba a ji ko motsi ba, har mutane su fara cewa hasashen masana bai yi daidai ba. Kwatsam cikin mako ɗaya ko biyu sai ka ji an ambaci sunan guguwa uku ko huɗu a jere. Me ke kawo haka? Guguwar ce ke haifar da 'yar'uwarta, ko sauyin yanayin nan da ake ta faɗa ne? Kuma idan an ga irin wannan, yana nufin sauran kakar za ta yi muni ke nan?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare mana ƙanen naka, ya ba shi abin da ya je nema. Tambayoyi uku ka haɗa: abin da ke sa guguwa ta zo a jere bayan dogon shiru, ko sauyin yanayi na da hannu a ciki, da abin da hakan ke nunawa game da watannin da suka rage. Abin da ka lura da shi gaskiya ne, ba yawan labarai ne ya sa ka gan shi haka ba. Haka Tekun Atlantika yake tun da aka fara ajiye bayanansa. Guguwa ba ta bin layi ɗaya bayan ɗaya kowane mako. Akwai sharuɗɗa da dama da sai sun cika tare take samuwa, kuma idan suka cika, a faɗin teku baki ɗaya suke cika, su ɗauki mako biyu ko uku a haka. Duk hadarin da ya shigo cikin wannan taƙin yana da damar ya girma.

A hukumance kakar guguwa a Atlantika tana farawa ranar 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba, amma ba a raba aikin daidai tsakanin watanni shidan ba. Mafi yawan abin da ke faruwa yana tsakanin tsakiyar Agusta da tsakiyar Oktoba, ƙololuwarsa kuma wajen 10 ga Satumba. Idan aka ɗauki matsakaicin shekarun 1991 zuwa 2020, kowace kaka tana kawo guguwa 14 masu suna, 7 daga ciki su kai matsayin mahaukaciyar guguwa, 3 su zama manya. Ana raɗa wa guguwa suna idan iskarta ta kai kilomita 63 a awa. Idan ta kai 119 ta zama mahaukaciya, mataki na 1. Daga 178 an shiga mataki na 3, inda manyan ke farawa, mataki na 5 kuma daga 252 zuwa sama. Don haka wani ɓangare na abin da ya ba ka mamaki kalanda ce kawai: wanda ya ga Yuli ya wuce lami lafiya bai ga komai ba tukuna.

Amma kalanda kaɗai ba ta isa bayani ba, domin ko a cikin watannin ƙololuwar ana yin shiru mai tsawo, sannan a ɓarke.

Abin da guguwa ke buƙata

Na farko ruwa mai ɗumi, aƙalla digiri 26.5 a ma'aunin Salshiyos, kuma ɗumin ya nutsa ƙasa kamar mita 50, ba a fatar teku kawai ba. Daga wannan ruwan tururi ke tashi. Idan ya hau sama ya koma gajimare sai ya saki zafin da ya ɗauko, zafin ya ƙara ɗaga iska, nauyin iska a ƙasa ya ragu, wata iskar ta kwararo daga kewaye ta kawo ƙarin tururi. Ƙarfin guguwa duka daga nan yake. Na biyu laima a tsakiyar sararin sama, domin busasshiyar iska idan ta shiga cikin hadari tana shanye shi ta kuma tura iska mai sanyi ƙasa. Na uku, dole wurin ya yi nesa da layin ikweta, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, da kamar kilomita 500, don juyawar duniya ta samu damar murɗa iskar ta zama zagaye.

Na huɗu shi ne wanda ya fi yanke hukunci, kuma shi ne mutane ba su cika sani ba. Muna ce masa saɓanin iska: bambancin ƙarfi da alkibla tsakanin iskar da ke kusa da teku da wadda ke can sama, kilomita 12 ko makamancin haka. Guguwa tana son ta tsaya cak, zafinta a jere daga ƙasa har sama. Idan iskar sama ta fi ta ƙasa gudu sosai ko ta saɓa mata hanya, sai ta karkatar da guguwar, ta kwashe gajimaren tsawa ta jefar gefe.

Wannan abu ne da ake gani da ido a hoton tauraron ɗan'adam, kuma a aikinmu na hasashe mun saba da shi. Da dare za ka ga tarin hadari ya baro gaɓar Senegal ko Gini, faɗinsa ya kai ɗaruruwan kilomita, saman gajimarensa ya yi sanyin da na'ura ke nunawa da ja da baƙi, alamar ya yi tsawo matuƙa. Wanda bai saba ba zai rantse gobe za a raɗa masa suna. Bayan kwana biyu ka koma, sai ka tarar da 'yan siraran gajimare na ƙasa suna juyawa su kaɗai a kan ruwa, tsakiyar a buɗe, tsawar kuma tana can gabas da nisa, iska ta yaga ta. Hadarin ya mutu a kan ruwan da ɗuminsa ya ishi guguwa mai mataki na 4. Shi ya sa ba a kan hadarin nake fara tsayar da ido ba. Hanyar da ke gabansa nake fara dubawa: yaya saɓanin iska yake, akwai laima ko babu, sannan in dubi ruwan.

Na biyar, guguwa ba ta fitowa daga sarari fayau. Sai da wani hadari da ya riga ya fara juyi. A Atlantika mafi yawansu daga nahiyar Afirka suke fitowa. Zafin Sahara a arewa da iska mai laima da ɗan sanyi ta Mashigin Gini a kudu suna haifar da wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma a tsayin kilomita 3 zuwa 4. Wannan iskar tana lanƙwasa, lanƙwasar ta tara hadari, tun daga tsaunukan Habasha da yammacin Sudan har ta faɗa teku. Kowane kwana uku zuwa biyar wani ayarin hadari ke fita, kimanin 60 a shekara. Wajen kashi 85 cikin 100 na manyan guguwar Atlantika daga cikinsu suke tasowa.

To a nan amsar tambayarka take. Ayarin hadarin nan ba ya yankewa, ko a lokacin shirun yana fita. Kamar irin ciyawa ne da ke kwance a ƙasa tsawon rani: yana nan ba ka ganinsa, ruwan farko na sauka sai fili ya yi kore lokaci guda, ba don wata ciyawa ta haifi wata ba. Idan aka samu mako biyu da saɓanin iska ya faɗi, laima ta ƙaru, to ayari huɗu ko biyar ne za su ratsa cikin wannan damar, kuma a maimakon duka su mutu, uku ko huɗu sai su rayu.

Abin da ke buɗe hanya da abin da ke rufe ta

Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Agusta, iska mai zafi da ƙura daga Sahara tana malala kan Atlantika a tsayin kilomita 1.5 zuwa 5 ko 6. Laimarta kusan rabin ta iskar yankin ce, tana zaune a kan iska mai sanyi ta hana ta tashi, ga kuma iska mai ƙarfi da take tafe da ita. Wannan ne babban dalilin da ya sa Yuli ke yin shiru a tsakiyar teku. Daga tsakiyar Agusta ƙurar na raguwa, daidai lokacin da saɓanin iska ke kaiwa mafi ƙanƙantarsa, ruwan kuma yana dab da mafi ɗuminsa. Abubuwa uku sun haɗu cikin 'yan kwanaki.

Sai babban mai juya al'amarin daga mako zuwa mako. A 1971 wasu masana biyu na Amurka, Roland Madden da Paul Julian, sun gano wani zagaye a iskar yankunan zafi. Wani makeken yanki ne na iska mai tashi sama, mai yawan hadari, wanda ke tafiya a hankali daga yamma zuwa gabas, ya zaga duniya cikin kwana 30 zuwa 60. A gabansa da bayansa akwai yankin da iska ke sauka ƙasa, tana bushewa, hadari ba ya iya girma. Idan ɓangaren mai sauka ne a kan Atlantika, za ka iya samun ruwa mai ɗumi kamar me, amma shiru kake ji. Idan ɓangaren mai tashi ya ratso ta nahiyar Amurka ya kai kan Afirka da Tekun Indiya, saɓanin iska a Atlantika yana faɗuwa, ayarin hadarin da ke fitowa daga Afirka kuma ya fi ƙarfi da laima. Wani bincike da Eric Maloney da Dennis Hartmann suka fitar a 2000 ya nuna cewa a Mashigin Meziko da yammacin Karibiyan, samuwar mahaukaciyar guguwa ta ninka kusan sau huɗu a lokacin da zagayen ke goyon baya idan aka kwatanta da lokacin da yake hanawa. Akwai kuma wasu ƙananan kaɗawar iska masu suna Kelvin, su ma gabas suke nufa amma sun fi sauri, suna ƙetare Atlantika cikin kwanaki kaɗan. Sau da yawa bayan wucewarsu da kwana ɗaya zuwa uku ake ganin hadarin da ya daɗe yana jan ƙafa ya haɗa kansa.

A bayan duk wannan akwai yanayin Tekun Fasifik, wanda ke saita shekarar gaba ɗaya. El Nino, wato ɗumamar gabashin Fasifik, yana ƙara saɓanin iska a kan Karibiyan da Atlantika, ya rage guguwa. La Nina, wato sanyayar yankin, tana yin akasin haka. Sai dai ba doka ba ce da ba ta karyewa. A 2023 akwai El Nino, amma ɗumin Atlantika ya kai inda ba a taɓa aunawa ba, aka ƙare da guguwa 20 masu suna. Daga 20 zuwa 22 ga Agustan shekarar, bayan sama da wata guda ba sabon suna, aka raɗa huɗu cikin ƙasa da kwana biyu: Emily, Franklin, Gert da Harold.

Shekarar 2024 ce ta fi kama da abin da ka kwatanta, kuma ta koya wa masu wannan aiki darasi. An yi hasashen kaka mai tsanani. Farkonta ma ya tabbatar da tsoron, domin Beryl ta kai mataki na 5 a farkon Yuli, abin da ba a taɓa gani da wuri haka ba. Ernesto ta samu suna ranar 12 ga Agusta. Daga nan sai tsit, har 9 ga Satumba da Francine ta fito. Rabon da a ga waɗannan makonnin sun wuce ba sabuwar guguwa tun 1968. Da aka bi diddigi, dalilai sun haɗu. Daminar Afirka ta Yamma ta hau arewa fiye da yadda ta saba, har aka yi ruwa a cikin Sahara, sai ayarin hadarin ya riƙa fita teku ta wajen Muritaniya, inda ruwa ya fi sanyi iska kuma ta fi bushewa. Can saman sararin sama ya yi ɗumi fiye da ƙima, abin da ke rage wa iskar ƙasa kuzarin tashi. Zagayen Madden da Julian shi ma bai taimaka ba. Mutane suka fara cewa masana sun yi ƙarya. Daga 24 ga Satumba zuwa 5 ga Oktoba sai aka raɗa suna shida: Helene, Isaac, Joyce, Kirk, Leslie da Milton. Ranar 6 ga Oktoba mahaukatan guguwa uku ne ke kan tekun a lokaci guda. Kakar ta ƙare da 18 masu suna, 11 mahaukata, 5 manya.

Akwai abin da nake so ka riƙe daga wannan labarin. Shirun ba ya rage haɗarin da ke tafe. Guguwa idan ta wuce tana dama teku, ta ɗago ruwan sanyi daga ƙasa, ta bar sawu mai sanyi da ke ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya koma yadda yake. Idan aka yi wata guda ba guguwar da ta taɓa ruwan, rana tana ta dukansa, zafin yana nan a ajiye. Wadda ta fara zuwa bayan shirun ita ke samun shi cikakke.

Wannan ya kawo mu kan ko guguwa na haifar da wata. Galibi ma hana juna suke yi. Ban da sawun sanyin da na faɗa, iskar da babbar guguwa ke fitarwa ta samanta tana zama saɓanin iska ga wadda ke biye da ita kusa. Idan biyu suka matso juna, kamar tazarar kilomita 1,400, sai su fara zagaya juna, wani lokaci babbar ta haɗiye ƙaramar. Taimakon da ke akwai kaɗan ne: ayarin da ya yi gaba yakan jiƙa busasshiyar iskar da ke hanya, ko da shi ya mutu, sai na bayansa ya tarar da hanya da laima. A yammacin Fasifik kuma an san babbar guguwa kan bar kaɗawar iska a bayanta da ke taimaka wa sabuwa ta kafu. Amma a Atlantika, idan ka ga huɗu a jere, yanayi ɗaya ne ya raine su duka.

Batun sauyin yanayi

A nan sai an yi hattara, domin ana yawan cakuɗa abubuwa biyu. Zuwan guguwa a jere ba sabon abu ba ne. Ranar 14 ga Satumban 2020 an ga guda biyar a Atlantika lokaci guda, Paulette, Rene, Sally, Teddy da Vicky, amma an taɓa ganin haka a 1971. Idan aka dubi duniya baki ɗaya, ana samun guguwa masu suna tsakanin 80 zuwa 90 a shekara, kuma babu wata hujja mai ƙarfi da ke nuna adadin yana hawa. A Atlantika ya ƙaru tun wajen 1995, har 2020 ta kafa tarihi da 30, sunaye 21 da ke jerin shekarar suka ƙare aka koma haruffan Girka, karo na biyu bayan 2005. Sai dai wannan ƙarin yana da dalilai fiye da ɗaya. Dokokin tsaftace iska a Turai da Amurka sun rage hayaƙin masana'antu da a da ke tare hasken rana yana sanyaya tekun. Na'urorin yanzu kuma suna kama ƙananan guguwa masu kwana ɗaya ko biyu a tsakiyar teku, irin waɗanda kafin zamanin tauraron ɗan'adam, wato kafin shekarun 1960, sai dai idan jirgin ruwa ya ci karo da su.

Inda hannun ɗumamar duniya ya fito fili shi ne a ƙarfi da ruwa. Rahoton kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce akwai yiwuwa mai ƙarfi kason guguwar da ke kaiwa mataki na 3 zuwa 5 ya ƙaru cikin shekaru arba'in da suka wuce. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ba iska damar ɗaukar tururi kusan kashi 7 cikin 100 fiye da da, wanda ke nufin ruwan sama mai yawa. Harvey ta zubar da sama da milimita 1,500 a wani yanki na jihar Tekzas a 2017. Teku kuma ya tashi da kimanin santimita 20 tun farkon ƙarni na 20, don haka tumbatsar da guguwa ke turowa tana farawa ne daga sama da inda take farawa a zamanin kakanninmu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne saurin ƙaruwar ƙarfi. Idan iskar guguwa ta ƙaru da kilomita 55 a awa ko fiye cikin kwana ɗaya, mun shiga wannan babin. Milton ta tashi daga mataki na 1 zuwa na 5 cikin ƙasa da kwana ɗaya a Mashigin Meziko, iskarta ta kai kilomita 285 a awa. Otis, a gaɓar Fasifik ta Meziko a Oktoban 2023, ta tashi daga ƙaramar guguwa zuwa mataki na 5 cikin kusan kwana ɗaya ta afka wa birnin Acapulco da dare, hasashe bai hango haka ba. Mutum ya kwanta da labarin guguwar da zai iya jurewa a gida, ya tashi da wadda ya kamata a ce ya gudu tun jiya. Don haka amsata ga tambayarka ta biyu ita ce: ba sauyin yanayi ne ya ƙirƙiro zuwan guguwa a jere ba, amma idan damar ta buɗe a kan tekun da ya fi na da ɗumi, abin da ke fitowa daga ciki ya fi haɗari.

Sauran kakar fa?

Ɓarkewa irin wannan takan ɗauki mako biyu zuwa uku, sannan ta lafa idan zagayen ya wuce. Ko za ta dawo ya danganta da shekarar. A shekarar La Nina mai ruwa mai ɗumi ana iya samun zagaye na biyu a ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. A 2020 Eta da Iota, dukansu manya, sun afka wa gaɓar Nikaraguwa cikin Nuwamba, mako biyu tsakani, kusan a wuri ɗaya. A wata shekarar kuma ɓarkewa ɗaya ce shi ke nan.

Ni dai ba na son yadda ake auna munin kaka da yawan sunaye. A 2022 Agusta ya wuce gaba ɗaya ba guguwa mai suna ko ɗaya, karo na farko tun 1997, kakar kuma ta ƙare da 14, daidai matsakaici. Amma a cikinta Ian ta faɗa kudu maso yammacin Fulorida ranar 28 ga Satumba ta kashe sama da mutum 150. A 1992 shekarar ba ta da yawan guguwa sam, ta farko mai suna sai a Agusta ta zo, ita ce Andrew, ta shiga kudancin Fulorida a mataki na 5. A ɗaya ɓangaren, guguwa biyar na iya tasowa kusa da tsibiran Cape Verde da ke daura da gaɓar Afirka ta Yamma, duka su lanƙwasa arewa su mutu a tsakiyar teku ba su taɓa kowa ba. Abin da ke yanke inda za su bi shi ne wurin da babban yankin iska mai nauyi na tsakiyar Atlantika yake zaune a makon, da ko akwai giɓi a cikinsa da za su bi su tsere arewa.

Ga wanda ke Fulorida, ƙarshen Satumba da Oktoba sun fi buƙatar sa ido. A lokacin wurin haihuwar guguwa yana komawa yammacin Karibiyan da Mashigin Meziko, inda wani faffaɗan juyin iska da ke kafuwa a kan Amurka ta Tsakiya kan fitar da su. Helene daga nan ta fito. Wadda ta taso daga gaɓar Afirka tana ba da mako guda ko fiye ana kallon ta. Ta Karibiyan kuwa kwana biyu ko uku ne tsakanin raɗa mata suna da isowarta, ga ruwa mai zurfin ɗumi a hanyarta.

Ilimin hasashe yana da iyaka, kuma gara ka san inda take. Hanyar da guguwar da ta riga ta kafu za ta bi cikin kwana uku zuwa biyar, an ƙware sosai a kai. Yiwuwar samuwar sabuwa, Cibiyar Guguwa ta Ƙasar Amurka da ke birnin Mayami tana bayar da shi har zuwa kwana bakwai. Daga mako biyu zuwa uku, abin da za mu iya cewa kawai shi ne yanayi zai goyi baya ko ba zai goya ba. Hasashen kaka gaba ɗaya, irin wanda Jami'ar Jihar Kolorado ke fitarwa tun 1984 da wanda NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, ke fitarwa, yana magana ne kan yawan guguwa a tekun, ba ya faɗin garin da za ta faɗa. Saboda haka idan ka ga an yaɗa taswira a Facebook ko WhatsApp tana nuna guguwa a kan wani birni nan da kwana 14, ka sani sakamakon gwaji ɗaya ne na kwamfuta, bayan awa shida za ta iya nuna ta a wani wuri mai nisan kilomita dubu, ko ta shafe ta gaba ɗaya. Na sha ganin haka a kan allon aikina, kuma ba na ɗaga wa kowa hankali a kansa.

Abin da zan ce ka gaya wa ƙanenka kaɗan ne. Tun yanzu ya bincika ko gidan da yake yana cikin yankin da ake kwashe mutane, domin galibin ƙananan hukumomin gaɓar Fulorida sun raba yankunansu da haruffa, kuma da harafin ake ba da umarnin tashi. Ya riƙa bin sanarwar cibiyar Mayami, wadda ake sabuntawa duk awa shida, da ta jami'arsa. Sanarwar sa ido tana fita awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, ta gargaɗi kuma awa 36. Zanen hasashen hanyar guguwa mai siffar mazurari da ake nunawa a talabijin yana nuna inda tsakiyar guguwar za ta iya bi ne kawai, kuma ko ita tana fita daga cikinsa kusan sau ɗaya cikin uku. Iska da ruwa suna kaiwa nesa da gefensa.

Kada kuma lambar mataki ta ruɗe shi, domin iska kawai take aunawa. Binciken mace-macen da guguwa ta jawo kai tsaye a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne ya ci su, tumbatsar teku ita kaɗai ta ɗauki kusan rabi. Helene ta shiga ta Fulorida, amma cikin sama da mutum 200 da ta kashe, kaso mafi girma a tsaunukan Karolina ta Arewa ne, ɗaruruwan kilomita daga teku, inda ambaliya ta tarar da mutanen da ba su ɗauka guguwar ta shafe su ba. Idan an ce yankinsa ya tashi, ya tashi da wuri kafin hanyoyi su cushe. Ba sai ya yi tafiya mai nisa ba, ya dai fita daga inda ruwa ke kaiwa zuwa gini mai ƙarfi. Ya tanadi ruwan sha da maganinsa da fitila da abin cajin waya na kwanaki, takardunsa na karatu da fasfo a cikin abin da ruwa ba ya shiga. Kada ya shiga da mota cikin ruwan da ya rufe titi. Bayan guguwar ta wuce wuta takan ɗauke na kwanaki, kuma a nan ne hayaƙin janareta ke kashe mutane cikin barci, don haka a waje ake kunna shi, nesa da taga da ƙofa. Ku kuma ku amince tun yanzu kan cewa idan layin waya ya yanke, gajeren saƙon rubutu zai fara turowa, domin ya fi kira saurin wucewa idan hanyar sadarwa ta yi rauni.